BABI NA HUƊU: HAƊE RABABBUN FUSKOKI A SIFFOFIN DA AKA SHIGO DA SU DAGA WATA MANHAJA

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan wata matsala da ke yawan addabar masu zanen injiniya da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, a duk lokacin da suka karɓi zanen wani kayan inji da aka yi a wata manhaja daban da tasu. Sau da yawa idan aka buɗe irin wannan fayil, sai a tarar fuskar da ya kamata ta zo guda ɗaya ta zo a rarrabe, gida biyu ko huɗu ko ma fiye da haka, da wasu layuka a kwance a kanta waɗanda ba su da wani amfani. Huji mai zagaye yakan zo a matsayin ɓari biyu, saman faranti kuma ya zo kamar an yi masa faci.

Ga mai kallo daga nesa, wannan ba wani abin damuwa ba ne, tun da siffar ba ta canja ba. Amma ga wanda zai ci gaba da aiki a kanta, al'amarin ya wuce nan. Manhajar da ke tsara wa injin sassaƙa ƙarfe hanyar da zai bi tana iya kasa gane cewa ɓari biyun nan huji ɗaya ne. Wanda zai lanƙwasa kaifin gefe yana iya ganin umurninsa ya tsaya a daidai inda layin ya ratsa. Mai nazarin ƙarfin ƙarfe, wanda yakan lulluɓe siffa da raga ta ƙananan gutsattsari kafin ya yi lissafi, dole ragarsa ta bi kowane layi, saboda haka siririyar fuska guda ɗaya takan jawo gutsattsari masu yawan gaske a wurin da ba a bukatarsu. Wani rahoto da aka shirya wa hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a shekarar 1999 ya ƙiyasta cewa rashin jituwar fayilolin zane yana jawo wa masana'antar motoci ta ƙasar hasarar kimanin dala biliyan 1 a kowace shekara, kuma mafi yawan kuɗin a wajen gyaran fayiloli da sake zana su yake tafiya. Rabuwar fuska ɗaya ce daga cikin ire-iren waɗannan gyare-gyare.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, layukan da ke raba fuska ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai wanda za a goge ba tare da an taɓa siffar ba ko kaɗan, akwai wanda goge shi yana nufin an sauya awon kayan, akwai kuma wanda da gangan mai zanen farko ya sa shi.

4.1 Yadda Manhaja Ke Riƙe Da Daskararriyar Siffa

Abin da ake nufi da daskararriyar siffa a nan shi ne zanen da ke da ciki da waje, wanda manhaja za ta iya auna girmansa da nauyinsa. Manyan manhajojin zanen inji suna bayyana irin wannan siffa ne ta hanyar fatar da ta rufe ta. Wannan dabara ta samo asali tun a farkon shekarun 1970, daga ayyukan Ian Braid a Jami'ar Kambirij ta Ingila da Bruce Baumgart a Jami'ar Sitanfod ta Amurka.

Bayanin fatar ya kasu gida biyu, kuma fahimtar wannan rabo ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Kashi na farko shi ne shimfiɗa, watau lissafin da ke faɗin yadda wuri yake: shafaffe ne, ko mai zagayen gwangwani ne wanda ake kira silinda, ko mai siffar mazurari, ko mai siffar ƙwallo. Shafaffiyar shimfiɗa ba ta da iyaka, haka ma silinda ba ta da ƙarshe a tsawonta. Kashi na biyu shi ne tsarin haɗi, wanda ya ƙunshi fuska da gefe da mahaɗa. Fuska wani yanki ne da aka yanko daga shimfiɗa, kamar yadda tela kan yanko ƙyalle daga bandir. Gefe shi ne layin da fuska biyu suka haɗu, mahaɗa kuma ita ce ɗigon da gefuna suka taru.

Idan aka riƙe wannan misali na tela, to rababbiyar fuska tamkar ƙyalle biyu ne da aka yanko daga bandir ɗaya, daga wuri ɗaya, sannan aka sake ɗinke su. Ɗinkin yana cikin tsarin haɗi ne kawai, bandir ɗin da ke ƙarƙashi bai san da shi ba.

4.2 Dalilan Rabuwar Fuska

Babban dalili shi ne bambancin injin lissafi da ke ƙarƙashin kowace manhaja. SolidWorks da NX da Solid Edge suna aiki ne da Parasolid, wanda aka ƙirƙira a Kambirij a ƙarshen shekarun 1980, yanzu kuma mallakar kamfanin Siemens ne. Akwai ACIS wanda ya fito a 1989. CATIA da Creo kowannensu yana da injinsa na gida. FreeCAD kuwa ya dogara ne ga Open CASCADE, wanda aka saki ga kowa a 1999.

Waɗannan injina ba su yi ittifaƙi a kan yadda za a riƙe shimfiɗar da ke zagayowa ta cimma kanta ba. Parasolid ya yarda fuska ɗaya ta zagaye silinda baki ɗaya ba tare da wani layi a tsaye ba. Open CASCADE ya yarda da fuska ɗaya, amma sai da layin ɗinki guda a inda zagayen ya fara kuma ya ƙare. CATIA V5 da Creo kuwa sukan raba silinda gida biyu, kowane ɓari digiri 180. Saboda haka idan farantin da ke da huji 40 ya fito daga Creo ya shiga SolidWorks, za a iya tarar da fuskokin huji 80, kuma babu wanda ya yi kuskure. Wani lokaci ma manhajar da ba ta bukatar rabawa takan raba da gangan wajen fitar da fayil don sauƙaƙa wa mai karɓa. A SolidWorks akwai zaɓi mai suna Split periodic faces wanda aikinsa ke nan.

Dalili na biyu ya shafi fayilolin musaya. Tsarin IGES, wanda aka fara wallafawa a Amurka a 1980, kuma aka tsayar da sabunta shi a kan siga ta 5.3 a 1996, an fi amfani da shi wajen aika fuskoki ɗaiɗai, kowace da shimfiɗarta da layukan da suka datse ta, sai mai karɓa ya ɗinke su da kansa. Har wa yau, manhajoji da dama sukan juyar da silinda ko shafaffen wuri zuwa shimfiɗar NURBS kafin su rubuta fayil ɗin. NURBS wata hanya ce ta bayyana kowace irin lanƙwasa da jerin ɗigogi masu nauyi, kuma tana iya fitar da da'ira daidai ba ragi. Sai dai manhajar da ta karɓa ba ta da wani bayani da zai gaya mata cewa wannan tarin lambobi silinda ce mai faɗin milimita 20. Ita dai shimfiɗu biyu ta gani masu lambobi daban-daban. Tsarin STEP, watau ISO 10303, wanda ya zama ma'aunin duniya a 1994, ya fi kyau nesa ba kusa ba, domin yana ɗauke da tsarin haɗi cikakke kuma yana kiran silinda da sunanta. Duk da haka, abin da aka ba shi shi yake kaiwa. Idan a rabe aka ba shi, a rabe zai isar.

Dalili na uku yana faruwa ne tun a gida, wajen narkar da siffa biyu su zama ɗaya. Idan aka jera tubali biyu masu tsawo ɗaya aka haɗe su, samansu ya zama wuri guda, amma wasu injina sukan bar layin da suka haɗu. Masu aiki da FreeCAD sun san wannan sarai, shi ya sa manhajar ke da umurnin Refine Shape.

Fayil ɗin STL, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987, lamarinsa daban ne. Babu shimfiɗa mai lanƙwasa a cikinsa sam, alwatika ce zalla. Alwatikan da ke kwance a kan shafaffen wuri ɗaya ana iya haɗe su. Amma silindar da aka bayyana da fuskoki 36 ta riga ta daina zama silinda. Idan rabin faɗinta milimita 10 ne, tsakiyar kowace fuska ta kauce wa zagayen gaskiya da kimanin milimita 0.038. Maganin wannan sake zane ne, bai shiga batun haɗewa ba.

4.3 Abin Da Ke Faruwa A Lokacin Haɗewa

Tun a tsakiyar ƙarni na 18 masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna cewa a duk daskararriyar siffa mai sauƙi, marar huji, idan aka ɗauki yawan mahaɗai aka cire yawan gefuna aka ƙara yawan fuskoki, amsar 2 ce. Alal misali, akwati yana da mahaɗa 8 da gefe 12 da fuska 6, watau 8 - 12 + 6 = 2. Injinan lissafi suna kiyaye wannan ƙa'ida a kowane mataki, domin ita ce alamar cewa fatar ba ta ɓule ba.

A ɗauka saman akwatin ya zo a rabe gida biyu. Layin da ya raba shi gefe ne guda, ya kuma datse gefuna biyu da ya taɓa, ya haifar da mahaɗa biyu. Yanzu akwai mahaɗa 10 da gefe 15 da fuska 7, amsar kuma tana nan 2. Wajen haɗewa, manhaja takan cire gefen tare da fuska ɗaya, sai a koma 10 da 14 da 6. A nan ne mutane da yawa sukan tsaya, suna zaton aiki ya kammala tun da layin ya ɓace daga allo. Alhali kuwa mahaɗan nan biyu suna nan zaune a tsakiyar miƙaƙƙun gefuna, kowace ta raba gefe ɗaya gida biyu. Sai an cire su, kowace tare da gefe ɗaya, sannan a dawo 8 da 12 da 6. Wannan mataki na biyu shi ne umurnin Heal Edges ke yi a SolidWorks, kuma barinsa yakan sa lanƙwasa kaifi ta ci gaba da tsayawa a rabin hanya kamar ba a yi komai ba.

Silinda mai ɓari biyu ta fi wannan ban sha'awa, domin ɓarorin sun haɗu ne a layi biyu. Tana da mahaɗa 4 da gefe 6 da fuska 4, idan aka lissafa da murafunta na sama da ƙasa. Cire layi na farko yana haɗe ɓarorin, share mahaɗansa kuma yana kai lissafin ga 2 da 3 da 3. Layin da ya rage fuska ɗaya ce a damansa da hagunsa. Wannan shi ne layin ɗinki, kuma a Open CASCADE nan ne ƙarshen tafiya. Wanda ya dage sai ya goge shi a FreeCAD yana ɓata lokacinsa ne kawai, domin injin ba zai iya riƙe silinda ba sai da shi. A Parasolid ana iya cire shi, fuskar ta zauna da iyaka biyu masu zaman kansu, zobe a sama da zobe a ƙasa, ƙa'idar Euler kuma sai a faɗaɗa ta don ta lissafa da ƙarin zoben.

4.4 Sharaɗin Haɗewa Da Matsalar Sassaucin Awo

Duk bayanin da ya gabata ya rataya ne a kan sharaɗi guda: fuskokin biyu su kasance a kan shimfiɗa ɗaya. Ga shafaffun fuskoki, sai sun fuskanci alƙibla ɗaya kuma babu tazara a tsakaninsu. Ga silinda, sai layin tsakiyarsu ya zama ɗaya, faɗinsu ma ɗaya, kuma dukkansu suna kallon waje ko suna kallon ciki. Idan sharaɗin ya cika, haɗewar ba ta motsa ko ɗigo ɗaya na siffar.

Wahalar tana cikin kalmar "ɗaya". Kwamfuta ba ta riƙe lamba cikakkiya, saboda haka kowane inji yana da iyakar da idan tazara ta gaza ta, sai ya ɗauki ɗigo biyu a matsayin guda. Wannan iyaka ita ake kira sassaucin awo a wannan aiki. A Parasolid milimita 0.00001 ce. A CATIA V5 kuwa milimita 0.001 ce, watau ta fi ta Parasolid sassauci sau 100. Ke nan fuskoki biyu da manhajar farko ta ɗauka a kan shimfiɗa ɗaya suke, suna iya isa wurin ta biyu a matsayin shimfiɗu biyu masu ɗan bambanci, sai ta ƙi haɗe su.

Abin da mai gaggawa kan yi a nan shi ne ya buɗa sassaucin har manhaja ta yarda. Kayan aikin ShapeUpgrade_UnifySameDomain na Open CASCADE, alal misali, yana ba da damar sauya sassaucin tazara da na karkata. Amma lissafi kaɗan zai nuna hatsarin da ke ciki. Idan fuska biyu suka saɓa da digiri 0.01 kacal, wanda ido ba zai taɓa gani ba, kuma tsawon ɗaya milimita 500 ne, to kwantar da ita a kan shimfiɗar 'yar'uwarta zai gusar da ƙarshenta da kimanin milimita 0.087. A ma'aunin ISO kuwa, huji mai faɗin milimita 20 na ajin H7 gaba ɗaya rangwamen da aka yi masa milimita 0.021 ne. Gyaran da aka yi don tsabtace zane ya ci rangwamen irin wannan huji fiye da sau huɗu. Bayan haka kuma, fuskokin da ke maƙwabtaka da wurin da aka gusar dole a ja su ko a datse su, in ba haka ba fatar ta ɓule.

Idan shimfiɗun NURBS ne, hanyar da ta fi aminci ita ce a fara sauƙaƙa su, watau a sa manhaja ta gwada ko lambobin sun dace da silinda ko shafaffen wuri a cikin sassauci matsattse, ta maye gurbinsu da shimfiɗar asali, sannan a haɗe. Umurnin Optimize Face na NX da Simplify na SpaceClaim suna yin irin wannan aiki. Sauƙaƙawa kafin haɗewa ita ce ta dace, domin idan aka juya tsarin, manhaja takan ƙera sabuwar shimfiɗar NURBS guda da za ta rufe duka biyun bisa kintace. Layin zai ɓace, amma hujin ya rasa faɗin da za a iya karantawa, ya kuma rasa layin tsakiyar da za a daidaita noti da shi. Abin lura ne cewa umurnin Join Face na NX ya ware hanyoyin biyu a fili, ɗaya ga fuskokin da ke kan shimfiɗa guda, ɗaya kuma ga masu bukatar a ƙera musu sabuwa. Ta biyun tana da muhallinta, musamman a jikin mota ko kwabar na'ura inda aka fi kula da santsi, ko kuma wajen shirya raga, inda ɗan kaucewa ba ya cutarwa. A wurin da ƙarfe zai zauna cikin ƙarfe kuwa, bai kamata a kusance ta ba.

Akwai kuma wata dabara da masu SolidWorks suka saba da ita, ta goge ɓari ɗaya da umurnin Delete Face tare da zaɓin cike gurbi, sai ɓarin da ya rage ya miƙe ya rufe wurin. Tana aiki da kyau idan shimfiɗar da ta rage silinda ce ta gaskiya ko shafaffiya, saboda irin waɗannan an san inda za su dosa idan aka miƙa su. NURBS kuwa ba ta da bayani bayan iyakarta, miƙa ta da nisa yakan haifar da lanƙwasar da ba a zata ba.

4.5 Layukan Da Aka Sa Da Gangan Da Tsarin Aiki

Ba kowane layi ne sharar musaya ba. Mai ƙera mazubin roba yakan raba fuska a daidai inda ɓarorin mazubin za su rabu, kuma fuskokin da ke sama da ƙasan layin sukan karkata da rabin digiri ko digiri ɗaya don kayan ya fita cikin sauƙi. Mai nazarin ƙarfi yakan zana ɗan zagaye a kan faranti don ya nuna inda nauyi zai sauka. A kan sandar da boris ke zama, wurin zaman boris ɗin yakan fi sauran jikin sandar kauri da 'yan ɗigon milimita, ko kuma faɗin ya zama ɗaya amma a bukaci santsi na musamman a wurin. Har ila yau, launi da bayanan awo da sigar STEP ta AP242, wadda ta fito a 2014, ke iya ɗauka, a jikin fuska suke rataye. Idan fuska biyu suka zama ɗaya, bayanin ɗayarsu yana iya salwanta ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan ne ya sa umurnin da ke share dukkan layuka a bugu ɗaya ya fi dacewa da ƙananan kaya irin su noti da maƙalai da aka sauko da su daga kundin masu sayarwa. A kan kaya mai muhimmanci gara a bi fuska bayan fuska, ko a ware gefunan da ba a so a taɓa, kamar yadda kayan aikin Open CASCADE da aka ambata ya ba da dama.

Lokacin da aka yi haɗewar shi ma yana da tasiri. Manhaja tana tuna kowace fuska ne da wata lamba ta ciki, kuma duk abin da aka gina daga baya, huji ne ko awo ko daidaitawa da wani kaya, da wannan lamba yake riƙe. Haɗe fuska biyu yana kashe lamba ɗaya. Idan an riga an gina abubuwa a kanta, sai su rasa madogara, wasu ma su koma kan wata fuska dabam ba a lura ba. Don haka haɗewa aiki ne na farko, da zarar an buɗe fayil an tabbatar fatar a rufe take. Idan rabuwar ta yi yawa, sau da yawa ya fi sauƙi a nemi mai aikowa ya sake fitar da fayil ɗin, da STEP maimakon IGES, ko da tsarin Parasolid kai tsaye idan manhajojin biyu inji ɗaya suke amfani da shi.

Hanyar tantance ko an yi aikin daidai ba ta da wuya. Kafin a fara, a rubuta girman siffar da faɗin fatarta da inda tsakiyar nauyinta yake, tare da yawan fuskoki da gefuna. Bayan an gama, yawan fuskoki da gefuna zai ragu, amma sauran ukun ya kamata su tsaya yadda suke, in ban da ɗan motsi a lambobin can ƙarshe wanda lissafin kwamfuta kan haifar. Idan girman ya sauya a lamba ta uku ko ta huɗu, to an gusar da wata shimfiɗa, kuma wajibi ne a koma fayil na asali a aza siffofin biyu a kan juna a nemo wurin kafin a tura zanen ga masu sassaƙa.